Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Likitocin Dabbobi Na Jihar Katsina Kan Kiwon Gajerun Karnukan Farauta Masu Dogon Baya

Zuwa ga Daraktan Kula da Lafiyar Dabbobi na Jihar Katsina, da shugabannin Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Najeriya reshen jiha, da dukkan likitoci da malaman dabbobi da ke aiki a ƙananan hukumominmu 34.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga Daura a kan wata magana da na san ba ita ce kan gaba a teburinku ba, domin shanu da tumaki da awaki da kaji su ne dukiyar talakan jihar nan, kuma cututtukansu kaɗai sun isa su cinye wa ma'aikaci yininsa. Duk da haka ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, saboda abin da zan faɗa yana da sauƙin gyara a yau, amma zai yi wuyar gyara idan aka bar shi ya yi saiwa. Maganar ta shafi wani irin kare ne ɗan asalin ƙasar Jamus, mai gajerun ƙafafu da dogon baya, wanda ake kira dakshund, da ya fara shigowa hannun mutanenmu ta hanyar tallan waya. Ni a gidan mafarauta aka haife ni, cikin karnuka na tashi, kuma abin da nake gani game da wannan kare ya hana ni yin shiru.

Har yanzu ba su da yawa a wajenmu. Jefi-jefi ake ganinsu a gidajen wasu masu hali da kuma hannun samari masu sha'awar karnuka. Yadda suke zuwa shi ne abin dubawa: mutum ya ga hoton kwikwiyo a Facebook ko TikTok, ya tura kuɗi, a ɗoro masa shi a mota cikin kwali daga wani gari mai nisa, bai ga uwar ba, bai ga uban ba, babu katin allura, babu wanda zai tambaya idan wani abu ya taso. Da ya tuna kuɗin da ya biya, sai tunanin neman mace ya zo masa domin shi ma ya riƙa sayar da 'ya'yan. Ta haka sana'ar ke kafuwa tun kafin iliminta ya iso.

Ya kamata a san cewa a asalinsa wannan kare ma'aikaci ne. Mafarautan Jamus sun daɗe suna zaɓensa domin ya shiga rami ya tarar da wata dabba 'yar uwar dage, ya tsare ta da haushi ko ya koro ta waje, ƙananan cikinsu kuma aka ware su domin zomon Turai, wanda yake haƙa rami ya zauna a ciki. Shi ya sa aka so shi da gajerun ƙafafu masu ƙarfin tono, da faffaɗan ƙirji, da babbar murya wadda mai shi zai jiyo daga ƙarƙashin ƙasa, da zuciyar da ba ta san ja da baya ba. Ana kuma amfani da hancinsa wajen bin sawun jinin naman da aka harba ya gudu. Ƙungiyar masu kiwonsa ta Jamus tun 1888 aka kafa ta, kuma ta kasa shi girma uku da gashi iri uku, wato mai santsi da mai tsawo da mai kaushi. A can da faɗin ƙirji ake tantance girmansa, domin ƙirjin ne ke nuna irin ramin da zai iya shiga. Babbansu yakan kai tsakanin kilo 7 zuwa 14, ƙaramin kuma bai cika wuce kilo 5 ba. Ƙasar da ta san shi haka, har ta sanya shi alamar wasannin Olamfik na birnin Munik a 1972, ita ce kuma a 2024 ta shiga muhawara mai zafi a kan daftarin gyaran dokar kare haƙƙin dabbobi, inda masu kiwonsa suka tsorata cewa za a haramta shi, ma'aikatar noma ta ƙasar kuwa ta ce abin da take son hanawa shi ne kiwon da ke haifar da dabba cikin wahala. Idan har masu shi na asali suna wannan taka-tsantsan, mu da muka karɓe shi jiya ba mu da hujjar sakaci.

Tushen matsalar a gadon bayansa yake, kuma ku kun fi ni sani, amma zan faɗa saboda masu karatun da ba likitoci ba. Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani faifan guringuntsi mai taurin gefe da laushin tsakiya, wanda aikinsa irin na gammo ne tsakanin kai da tulu. A yawancin karnuka wannan tsakiya tana daɗewa da laushinta har tsufa. A wannan iri kuwa, tun kafin kare ya cika shekara take fara bushewa, daga baya ta daskare har ta riƙa fitowa fara a hoton ƙashi. Wata rana sai gefen ya tsage, abin da ya daskare ya fantsama sama ya danne laka, wadda ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafun baya da mafitsara. Wani masanin cututtukan dabbobi mai suna Hansen ne ya yi cikakken bayanin wannan a birnin Stockholm a 1952, kuma har yau da sunansa ake rarrabe nau'o'in ciwon. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai yana nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane huɗu ko biyar na waɗannan karnuka zai gamu da ciwon a rayuwarsa, galibi tsakanin shekara 3 zuwa 7, kuma mafi yawa a daidai inda haƙarƙari ya ƙare ƙugu ya fara.

Mutane da yawa suna zaton tsawon bayan ne kaɗai sanadi, alhali gado ne ya fi ƙarfi a ciki. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano cewa ƙarin kwafi na wata ƙwayar gado mai suna FGF4, a kan kuromosom na 12, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jiki, shi ke sa faifan ya tsufa da wuri, kuma kwafi ɗaya tak daga uwa ko uba ya isa ya ƙara wa ɗa haɗarin. Kusan dukkan karnukan wannan iri suna ɗauke da shi, saboda haka gwajin ƙwayar gado ba ya taimakawa sosai wajen zaɓen wanda za a bar wa haihuwa. Abin da ya fi amfani shi ne abin da ƙasashen Denmak da Nowe da Finlan suka daɗe suna yi, Birtaniya ma ta bi sahu: a ɗauki hoton ƙashin bayan kare yana tsakanin shekara 2 zuwa 4, a ƙirga faifan da suka daskare. Wanda ba shi da ko ɗaya, ko yake da ɗaya ko biyu, shi ake so. Wanda ya kai biyar ko fiye, haɗarinsa babba ne, haka ma na 'ya'yansa, don haka ba a ba shi damar haihuwa.

A nan nake so ku dakata tare da ni, ranku ya daɗe, domin nan ne zuciyar wasiƙar. Idan laka ta danne har kare ya daina jin zafi a yatsun ƙafarsa, abin da ya rage shi ne tiyata cikin gaggawa, kuma ko a ƙasashen da ke da komai, kusan rabi ne ko ɗan fiye suke sake tafiya. Tiyatar aikin ƙwararre ce, tana bukatar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI ko CT domin a san daidai wurin, tana kuma bukatar kuɗin da zai girgiza mai gida. Mutumin Daura ko Mashi ko Zango da karensa ya faɗi da daddare, inda zai fara tunanin nufa shi ne asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma kowanne tafiyar awoyi ce a kan hanyar da kowane gargada ke ƙara wa kare ciwo. Gaskiyar magana, mafi yawan karnukan da za su faɗi a jihar nan ba za su ga teburin tiyata ba. Amma hoton ƙashi abu ne da ke cikin ikonmu. Tambayar tarihin uwa da uba da kakanni ba ta bukatar na'ura. Hana barbarar karyar da ba ta kai ba magana ce kawai ta tsari. A ƙasa irin tamu, maganin wannan ciwo kafin barbara yake, kuma ku ne kaɗai kuke da matsayin da za ku faɗi haka a ji.

Na ga abin da idona a wani gida a unguwarmu. Wata karya ce ja mai santsin gashi, 'yar kimanin shekara huɗu, ta diro daga kan dakali da yamma ta yi ƙara sau ɗaya, ta je ta kwanta a ƙarƙashin kujera ta ƙi cin abinci. Washegari da safe tana tangaɗi da ƙafafun baya. Mai gidan, mutumin kirki mai son dabbarsa, ya ɗauka targaɗe ne, sai ya kai ta wajen maɗori, aka ja bayan, aka murza da man zafi, aka kuma aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar ciwon jiki ta mutane. Ban ga laifin maɗorin ba, domin iliminsa na karaya ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa irin wannan baya ba a taɓa shi. Kafin a kai ta wajen likita, mararta ta kumbura tam da fitsarin da ya ƙi fita, bayan dagoginta ya saɓule saboda jan su a kan siminti. Likitan ya kama ɗan yatsan ƙafarta da ƙarfe ya matsa da ƙarfi yana kallon fuskarta. Ba ta waiwayo ba, ba ta ko motsa kunne ba, sai haki take yi tana kallon mai gidanta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ta riga ta haihu fiye da sau ɗaya, kuma 'ya'yan suna gidajen mutane da ba su san abin da ya sami uwar ba.

Wannan shi ne tarkon da ke cikin sana'ar. Karya takan fara neman namiji tun tana wata shida zuwa shekara, tana kuma maimaitawa kusan duk wata shida, ciki kuma kwana 63 ne kacal. Ciwon baya kuwa sai ta kai shekara uku ko fiye yake bayyana. Mai gaggawar kuɗi zai iya fitar da haihuwa da yawa daga jikinta kafin a san tana da lalurar. Saboda haka nake roƙon ku fitar da ƙa'ida rubutacciya cikin Hausa ga duk mai son kiwon wannan iri domin haihuwa: kada a yi wa karya barbara sai ta cika shekara 2 an ɗauki hoton bayanta, haka shi ma namijin, wanda ya fi ta yaɗa iri domin shi ba ya ɗaukar ciki. A bar ta ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya ba ta rajistar 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau huɗu, ko wadda ta wuce shekara 8, ko wadda aka riga aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu, kuma ba ta amincewa da haɗa uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko 'yan ciki ɗaya. Wannan na ƙarshe ya fi shafarmu, domin inda karnukan ba su da yawa, namiji ɗaya ne zai zagaye gari, bayan shekara biyu kuma a dawo masa da 'yarsa. Irin wannan haɗi shi ke fito da cututtukan da ke ɓoye, kamar makantar da ke cin ido a hankali a ƙananan masu dogon gashi, da wata irin farfaɗiya mai suna Lafora a ƙananan masu kaushin gashi. Kwikwiyo kuma kada ya bar uwarsa sai ya cika mako 8.

Akwai kuma maganar launi, wadda ita ke jan hankalin mai saye a waya. Mai dabbare-dabbare ya fi tsada, saboda haka mai kiwo marar sani zai ga dabara ce ya haɗa masu dabbare-dabbare biyu. Idan aka yi haka, a ƙiyasi ɗaya cikin kowane 'ya'ya huɗu zai gaji ƙwayar launin daga ɓangare biyu, ya fito da fari mai yawa, sau da yawa kurma, ko da ƙananan idanu marasa gani, wani ma babu idon gaba ɗaya. Wannan ba ƙaddarar da ba a iya kauce wa ba ce, domin an san sanadinta kuma an san yadda ake guje mata. Masu launin toka mai shuɗi-shuɗi su ma ana tallarsu a matsayin na musamman, alhali da yawansu gashinsu yakan zube fatar ta riƙa ƙuraje, kuma kowa ya san abin da ranar Katsina za ta yi wa fata marar gashi.

Zuwa ga 'yan uwana mafarauta ma ina da magana, kuma ina so ta fito daga bakinku domin ta fi nauyi. Wasu samarinmu da suka ji cewa karen rami ne sun fara kwaɗayinsa domin gafiya da burgu. Su sani cewa dajin da aka yi shi dominsa mai sanyi ne mai taushin ƙasa. Zomonmu na daji ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake laɓewa, gudu ne makaminsa, kuma mai gajerun ƙafafu ba zai taɓa cim masa ba. Ramukanmu kuwa ba mu san wa ke ciki ba sai an tona: kububuwa ce, ko gamsheƙa, ko kunama, ko beguwa mai ƙaya. Wannan kare ba ya tsoro, zai kutsa kai, kuma ƙaramin jiki ba ya jure dafi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a haɗa shi da karnukanmu na gida. Karenmu na farauta, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, iyayenmu sun gaje shi ne daga zaɓen da rana da ƙishirwa da nisan daji suka yi, yana yini yana gudu a bazara ya dawo gida da ƙafarsa. Tunda kwafi ɗaya na waccan ƙwayar gado ya isa ya raunana baya, haɗi ɗaya na ganganci zai iya shigar da gajartar ƙafa da ciwon laka cikin zuriyar da ba ta san su ba, kuma abin da ya shiga jini fitar da shi sai an sha wuya. Ina roƙon ku zauna da sarakunan farauta ta hannun masarautun Katsina da Daura ku yi musu wannan bayani, domin idan suka hana, an hanu.

Wanda kuma ya riga ya mallaki karen, haƙƙi ne a kansa ya san yadda ake riƙonsa, kuma yawancin abin ba ya cin kuɗi. Ba a ɗaga shi ta ƙafafun gaba yadda yara ke yi, ana sa hannu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ƙugu, bayan ya zauna a miƙe. Ba a barinsa ya riƙa dirowa daga dakali ko gado ko bayan mota. Ƙiba abokiyar gabarsa ce, kuma gidajenmu da ake tura wa kare ragowar tuwo da kitse suna saurin kumbura shi. Idan ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin yatsunka ba, ya yi nauyi. Albasa da ke cikin miyarmu tana lalata jinin kare, haka ma cakulan da zabibi guba ne a gare shi. Ɗaure shi a keji dare da rana ma kuskure ne, domin tafiya ta yau da kullum ita ke ƙarfafa naman da ke riƙe da gadon bayan. Sai dai a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tafiyar ta zama da asuba ko bayan la'asar sakaliya, domin cikinsa dab da ƙasa yake, turirin yashi yana dukansa kai tsaye, kuma kare da haki yake fitar da zafi. Idan zafi ya kama shi yana haki yana tangaɗi, a fara jiƙa shi da ruwa mai sanyi a inuwa kafin a ɗauke shi zuwa asibiti. Mai dogon gashi kuma a riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda ƙarangiya, musamman da kaka. Game da fiɗiya, wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2018 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa kafin su cika shekara sun fi kamuwa da ciwon bayan, don haka lokacin yinta shawara ce ta likita, kuma dandaƙar gida ba ta da wuri a nan.

Alamomin farko su ne ya kamata kowane malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya haddace, domin shi za a fara kira. Kare ya ƙi hawa inda ya saba hawa, ya tanƙware bayansa sama, jikinsa na rawa, ya yi ƙara idan an ɗauke shi, ko ya riƙa taka bayan daginsa. A wannan mataki da yawa suna warkewa ba tare da wuƙa ba, idan aka killace su a ƙaramin keji mai shimfiɗa na aƙalla mako 4, ana fito da su a hannu domin fitsari da bayan gida kawai, tare da maganin zafi da likita ya rubuta. Mai kare yakan ga sauƙi bayan 'yan kwanaki ya sake shi, alhali maganin ne ya rufe zafin, tsagar ba ta haɗe ba. A ja kunnen jama'a a kan magungunan mutane irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ke huda cikin kare su kashe masa ƙoda, musamman idan aka haɗa su da allurar deksametazon. Wanda fitsarinsa ya tsaya kuma, a koya wa mai shi yadda ake matsa mafitsara a hankali, domin riƙon fitsari kan kashe kare kafin ciwon bayan ya kashe shi.

Sauran cututtukan na kowane kare ne, sai dai baƙon iri ya fi saurin faɗuwa. Da damina kaska ke yawa, tana kawo zazzaɓin da ke shanye jini har dasashi ya yi fari. Mutane kan ɗauko maganin wankan shanu ko fiya-fiya su zuba wa kare ɗan kilo 5, ko su yi masa allurar sammore da awon da suka saba yi wa sa, alhali tazarar da ke tsakanin magani da guba a wannan allura ƙarama ce ƙwarai a jikin kare. Kwikwiyon da ke kwana a ƙasa mai damshin fitsari kuma tsutsar ƙuda kan shiga fatarsa. Cutar gudawar jini da ake kira fabo tana share 'yan kwikwiyo cikin kwanaki, rigakafinta kuwa ana farawa ne daga mako 6 zuwa 8 a riƙa maimaitawa har mako 16, kuma allurar da ta fita daga sanyin digiri 2 zuwa 8 ta kwana a aljihun mai talla ba ta da sauran amfani. Sama da duka akwai ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙaramin kare da ke wasa da yara a tsakar gida ya fi kowanne bukatar wannan allura tun yana wata 3, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta a cikin ƙasar nan. Jiharmu tana da iyaka da Nijar ta Jibiya da Kongolam, saboda haka takardar lafiya da izinin shigo da dabba ba su kamata su zama abin wasa ba.

Na san wasu za su ce me ya kai Musulmi wannan dogon zance a kan kare. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, hadisi ya yi izinin riƙon kare domin farauta da kiwo da gona, kuma ya zo a Bukhari da Muslim cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi saɓani a kan cinikin karen da aka yi izinin riƙonsa, kuma wanda ke son ajiye kare domin ado kawai, ko ya mayar da sayar da shi sana'a, ya kamata ya je ya tambayi malamansa kafin ya fara. Wannan fage nasu ne. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne cewa dabbar da ke hannunka amana ce, kuma wanda ya haɗa barbarar da ya san za ta haifar da makaho ko gurgu domin ya sami kuɗi, zai amsa tambaya a kanta.

Abin da nake roƙo a aikace bai fi ƙarfin ofishinku ba. A buɗe rajista a asibitocin dabbobi na shiyya inda duk mai kiwon karnuka domin sayarwa zai rubuta sunansa da karnukansa, a kuma ba kowane kwikwiyo kati mai ɗauke da ranar haihuwa da iyayensa da allurar da aka yi masa da sakamakon hoton bayan iyayen, yadda mai saye zai koyi cewa kwikwiyo marar kati ba abin saye ba ne. A samu ko da likita ɗaya a Katsina, ɗaya a Daura, ɗaya a Funtuwa da zai ƙware a kan ɗaukar wannan hoto da karanta shi, domin sai an kwantar da kare da allura an daidaita shi sosai kafin hoton ya faɗi gaskiya, kuma jami'o'inmu na kusa za su iya ba da wannan horo. A yi amfani da filin noma da kiwo na gidajen rediyonmu a faɗi alamomin ciwon da abin da ba a yi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, wadda duniya ta ware domin yaƙi da ciwon haukan kare, masu karnuka suna fitowa da kansu domin allura, saboda haka a wannan rana za a iya ɗora kowane gajeren kare a sikeli, a shafa bayansa, a rubuta sunan mai shi, a kuma miƙa masa takarda ɗaya ta Hausa mai ɗauke da lambar wayar likitan da zai kira idan karensa ya fara tangaɗi da daddare.

Allah ya taimake ku a kan aikinku, ya sa albarka a dukiyar jama'ar jihar nan. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani mafarauci mai kiwon karnuka,
Daura, Jihar Katsina.